Zuwa ga Uwata, Kan Maganar Kakanki

Janbako,
Ƙaramar Hukumar Maradun,
Jihar Zamfara.



Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Gwaggonki da yaranta. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka.

Saƙonki ya iso. Kin ce ƙawarki ta ji kin ce Allah yana cikin komai, ta ce miki wannan kafirci ne, kuma tun ranar barci ya ƙaurace miki, don daga bakin marigayi Kakanki kika ji maganar, kina jin tsoron makomarsa. Na ƙi amsa miki ta waya da gangan. Ba magana ba ce da za a yi ana tsoron kati ya ƙare.

Ki kwantar da hankalinki tukun. Kakanki ya cika da kalmar shahada a bakinsa, hannunsa yana cikin nawa, kuma ban taɓa ganin rana ta fito masa bai yi asuba ba. Batijjane ne, ɗan faila, daga cikin waɗanda suka bi Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha, a ƙasar Sanigal. Shehun ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajji a 1937, daga baya tafiyarsa ta bazu daga Kano zuwa Zariya da Gusau, har ta iso ƙauyukanmu. Abin da suke nema a tarbiyyarsu shi ne zuciya ta kai matsayin da ba ta kallon wata halitta face ta tuna Mahaliccinta. In suka zo faɗin abin da suke ji kuwa, baki yakan gaza, sai maganar ta fito da kaifin da zai tsorata mai saurare. Ba yau aka fara ba. An kashe Hallaju a Bagadaza a shekarar 922 bisa irin waɗannan kalamai, Ibnu Arabi kuma, wanda aka haifa a Andalus a 1165 ya rasu a Dimashƙa a 1240, har gobe malamai ba su gama gardama a kansa ba.

Ƙawarki ma ba daga iska ta ɗauko tata ba. Abin da Baffanki yake faɗa ke nan, shi da sauran 'yan Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978 ƙarƙashin Shehu Isma'ila Idris, da goyon bayan Malam Abubakar Gumi, wanda ɗan ƙasarmu ne, mutumin Gummi. Sun ce Allah yana saman Al'arshinsa, ba ya cakuɗa da halittarsa, yana tare da mu ne da iliminsa da jinsa da ganinsa. Tsoronsu yana da dalili, domin akwai masu kiran kansu 'yan haƙiƙa da suka ce tunda komai Allah ne, sallah ta faɗi a kansu. Kakanki bai taɓa yarda irinsu su zauna masa a zaure ba. Abin da yakan ba ni mamaki, Shehu Inyas da Malam Gumi duka a birnin Landan ajali ya same su, ɗaya a 1975, ɗayan a 1992, mu kuwa ga mu nan har yau ana raba sahu a kansu.

Amma saurin kafirta mutum, wannan ban yarda da shi ba, kuma ina da madogara. Kafin jihadin 1804, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, har ya zauna a Faru. A zamaninsa akwai ɗaliban ilimin tauhidi da suke tare talakawa da tambayoyi masu wuya, duk wanda ya kasa amsawa su ce ba Musulmi ba ne. Shehu ya yi rubuce-rubuce da yawa yana yi musu raddi, yana kare imanin manomi da makiyayi da tsohuwa.

To, ni me na yarda da shi? Kin girma, kin isa in gaya miki.

Ba na cewa itace Allah ne, ba na kuma cewa Yana cikin itace. Abin da nake cewa, babu wata halitta da take tsaye da ƙafarta ko da na ƙiftawar ido. Kin tuna tabarmar kaba ta Kakarki, yadda ko a tsakiyar kasuwar Mafara aka baje ta cikin tabarmi ɗari za ki nuna ta? Kakarki ba ta cikin tabarmar, amma hannunta yana ko'ina a jikinta. Sai dai nan misalin ya tsaya, don ita ta saƙa ta bari, ta rasu, tabarma tana nan. Allah kuwa da zai saki abin da Ya yi, da babu abin da zai saura. A wurina halitta ba aiki ba ne da aka gama tun fil'azal aka naɗe hannu. Ana cikin yi ne, yanzu haka da kike karanta wannan takarda, a cikin ƙirjinki da yake hawa da sauka ba da izininki ba. Wannan nake zaton Kakanki yake nufi, kuma ko Baffanki na zaunar na faɗa masa haka, ba zai musa ba.

Gona ce ta koya mini fiye da zaure. Dubi gawon nan na gonarmu ta tudu. Duk itatuwa suna yin ganye da damina, shi sai ya kaɗe nasa, ya tsaya tsirara, rana ta samu gero da dawa da ke ƙarƙashinsa, ganyen da ya zubar ya zama taki. Rani na shiga, lokacin da komai ya bushe, sai ya yi kore shar, ya zubo wa awaki da shanu 'ya'yansa. Shi ya sa kakanninmu ba sa sare gawo. Ki tuge wake ki duba saiwarsa, za ki ga wasu 'yan ƙulalai. A cikinsu akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, suna ɗauko sinadari daga iska suna mayar da shi abincin shuka. Manomanmu sun daɗe suna haɗa wake da gero ba tare da sun san sunan abin ba.

Ko ƙurar hunturun nan da take fasa miki leɓe, mafi yawanta daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, ana ce masa Bodele, inda tsohon tafki ya ƙafe. Masana sun gano cewa wani kaso nata yakan ƙetare tekun Atilantika ya sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka, ya zama masa taki. Tafkin da ya mutu yana ciyar da dajin da bai taɓa gani ba! Kada wani ya gaya miki darasin kimiyya yana rage imani. Ni duk abin da na ƙara sani game da yadda abu yake aiki, tasbihina ƙaruwa yake yi.

Haka ruwan da muke noman shinkafa da shi. Mutane ne suka gina madatsar Bakolori, aka gama ta a 1978, kuma ba a banza ba, don a watan Afrilun 1980 'yan sanda sun harbe manoman da suka tsaya neman diyyar gonakinsu. Amma kogin da aka tare, tun daga wajen Funtuwa yake tasowa, ya ratsa Gusau, ya wuce mu, ya haɗu da Rima kusa da Sakkwato, ya gangara Kwara. Injiniya ya iya tare shi, bai iya ƙago ɗigo ɗaya ba.

Kada kuma ki haɗa wannan da zancen iskokin tsamiya da kuka da ake tsorata ku da shi kuna yara. Wancan tsoro yake haifarwa. Abin da nake gaya miki kunya yake haifarwa, kunyar yin ɓarna a gaban Mai abin.

Saura tambayar da ba ki yi ba, amma na san tana ranki, domin ke 'yar Zamfara ce. Kina da wayo lokacin da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a watan Fabrairun 2021, kin kuma san dalilin da ya sa karatunki ya koma hannun Gwaggonki. In hannun Allah yana kan komai, har da ɗan bindiga? Har da shi, Uwata. Numfashin da yake ja aro ne, kamar naki. Yatsan da yake ɗana kunamar bindiga da shi, ba shi ya yi wa kansa ba. Wannan bai wanke shi ba, ƙara masa nauyi ya yi, don ya ɗauki kayan amana ya yi ta'asa da su, kuma zai amsa tambaya. Dalilin da ya sa aka bar shi ya yi, wannan ya fi ƙarfin kaina, na bar wa Mai shi. Ban kuma yarda da masu cewa ƙaddara ce a naɗe hannu ba. Hukumar da ta kasa tsare rayukanmu ita ma tana da tata tambayar.

Ga inda imanin nan yake yi mini aiki kullum. Idan na ji ana cewa Fulani duk ɗaya ne, a gama da su, ko aka tare wani bawan Allah a kasuwa don kawai kamanninsa, sai in tuna Wanda ya busa mini rai Shi ya busa masa. Matar rugar da take kawo wa Innarki nono, ita ma an kore mata shanu, ita ma ta binne nata. Wanda ya yarda da abin da na yarda da shi ba zai iya kallon wata ƙabila a matsayin abin sharewa ba. Ba zai ɗora wa jaki kayan da ya fi ƙarfinsa ba, ba zai wanke mazubin maganin feshi a hanyar ruwan da na ƙasa da shi suke sha ba.

Game da ƙawarki, kada ki yi gaba da ita. Ki ce mata kin gode, ki gyara lafazinki: Allah bai yi kama da komai ba, kuma babu abin da ya fita daga iliminsa da ikonsa. In ta so gardama, ki ce Babanki ya hana ki. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki riƙa sa Kakanki da Kakarki cikin addu'a.

Idan an yi hutu kada ki kamo hanya sai na aiko Kawunki, kuma ku fito da sassafe, kada la'asar ta same ku a hanya. Ki gaishe mini da Gwaggonki da maigidanta. Allah ya yi miki albarka, ya tsare mini ke.

Wassalam.

Ni ne,
Babanki.