Ɗaki Ya Ƙone, Rumbu Na Nan

Na ga ya kamata in ɗan yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayani a kan wani abu da ya kan sa mutane da yawa a kwalejin nan tamu ta Zuba zubar da hawaye, musamman in lokacin miƙa aikin bincike ya ƙarato. Mutum ya shafe watanni yana rubutu, wata rana ya danna kwamfuta ta yi tsit, sai ka gan shi ya ɗora hannu a ka yana cewa shi ke nan, komai ya tafi. To, galibi ba haka ba ne. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ba a gina rumbu a cikin ɗakin kwana. Daban a ke gina shi, a ɗora bisa duwatsu, don ko da gobara ta ci ɗaki hatsi ya tsira. Maƙeran kwamfuta su ma haka suka yi. Wurin ajiyar rubutu da hotuna wani ɗan akwati ne mai zaman kansa, wanda masu gyara ke kira had-dis, ni kuwa rumbu zan riƙa ce masa a nan.

Ba a littafi na fara koyon wannan ba, a gidanmu ne a Kubwa. Mahaifina tsohon hedimasta ne, yana da wata kwamfutar tebur da ya saya bayan ya bar aiki. A damunar 2023 aka yi wani ruwa mai tsawa da dare, wuta ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi. Da gari ya waye ya danna, ko ƙyas. Ba fitila, ba ƙarar fanka.

In da takardun fansho ne kurum a ciki, da ba mu damu ƙwarai ba, don ana iya neman wasu. Abin da ya hana Baba cin abinci shi ne muryar mahaifiyarsa. Kaka mutuniyar tsohon Wuse ce. Kun dai sani dokar da ta kafa Birnin Tarayya ta fito a 1976, gwamnati kuma ta taso daga Ikko a ranar 12 ga Disamba, 1991. A tsakanin nan ne aka tashi mutanen ƙauyen Wuse, aka kai su Sabon Wuse a Jihar Neja. Kafin Kaka ta rasu, Baba ya yi ta zama da ita yana ɗaukar maganarta da waya, yana juyewa cikin kwamfuta: inda rafi ya ke, inda a ke cin kasuwa, gonar wane na iyaka da ta wane, da waƙoƙin daka na Gbagyi waɗanda mu yara ba mu iya ba. Zama ashirin da uku suka yi. Wayar ta daɗe da lalacewa. Wurin da ta ke ba da labarinsa kuwa yau kwalta ne da benaye, ba wanda zai nuna maka ko kututture ɗaya.

Muka fara kai ta wurin wani mai gyara. Ko buɗe ta bai yi ba, ya ce da Baba, “Ranka ya daɗe, ku bar ta nan, zan sake mata kayan wuta, in yi mata fomat, ta koma sabuwa fil.” Na ce, “Maigida, to kayan da ke ciki fa?” Ya ce ai in an yi dace. Baba ya dube ni, na dube shi, muka ɗauki abinmu muka yi masa sallama. Ban ce mutumin mugu ba ne. Shi a ganinsa aikin da aka kawo masa shi ne na'ura ta tashi, ajiyar da ke ciki ba ruwansa da ita. Sabo da haka in ka je wurin mai gyara, kafin ka ce a gyara, fara cewa kayan ciki ka ke so, kuma kada ka tashi sai ka gan su da idonka a wani wuri dabam. Fomat ɗin kansa, irin na gaggawa, ba ya cinye komai nan take. Ɗora sabon Windows a kai shi ne ke tattake tsohuwar ajiya.

Wani malaminmu na sashen kwamfuta ne ya zaunar da ni ya warware mini zancen. Ya ce mutuwar kwamfuta iri iri ce, kuma kunne ya fi ido gane ta. In ta yi tsit ɗungum, ba fitila ba fanka, to mai yiwuwa ne akwatin wuta ko babban farantin wayoyi ya ƙone, rumbu kuwa sau da yawa lafiya lau ya ke. In fanka na juyawa, rubutu ya fito amma Windows ya ƙi shiga, wannan ya fi sauƙi: ana iya tashin ta da filashi mai ɗauke da Ubuntu, ba tare da an dasa shi ba, a kwashe kaya. Amma in ka kara kunne ka ji ƙas, ƙas, ƙas daga cikin rumbun kansa, ko wani gurji kamar ana niƙa, kashe ta nan da nan, kada ka ƙara kunnawa.

Dalili kuwa shi ne yadda aka ƙera abin. A cikin rumbun akwai faya-fayai masu santsi kamar madubi, suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Na biyun nan sau 120 ke nan a daƙiƙa guda. Akwai wata 'yar allura da ke shawagi a bisansu tana karatu, ba ta taɓa su, tazarar kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin silin gashi ba. In allurar ta faɗa kan faifai, kowane juyi kankare rubutu ya ke yi. Sabo da wannan ne kuma ba a kwance murfin rumbu a gida. Ƙwayar ƙurar hunturu guda, irin wadda ke rufe mana Dutsen Zuma a watan Janairu, tamkar dutse ce a gaban allurar nan. Akwai masu cewa wai a sa shi a firiji ya kwana. Kada ka yarda, raɓa ce za ta taru masa in an fito da shi. Rumbu mai ƙara sai ƙwararru masu ɗaki marar ƙura, su kuwa aikinsu da tsada.

Bari in ɗan ratse. Rumbu na farko da aka fitar kasuwa kamfanin IBM na Amurka ne ya yi shi a 1956. Faya-fayai 50 ne a cikinsa, kowanne faɗinsa inci 24, nauyinsa wajen tan guda, abin da ya ke ɗauka kuwa haruffa miliyan 5 ne kacal. Hoto ɗaya na wayar zamani ya isa ya cika shi. Na Baba bai fi ƙaramin littafin addu'a girma ba, ga shi ya haɗiye ƙauye guda.

Tamu dai irin ta farko ce, mai tsit. Ran Asabar na shiga mota na tafi Banex a Wuse II, inda a ke sayar da kayan waya da na kwamfuta, na sayo wata waya mai baki biyu: ɗaya ya shiga rumbu, shi a ke kira SATA, ɗaya kuma USB ne. A nan a kula. Rumbun kwamfutar cinya, mai inci 2.5, wutar USB ta ishe shi. Na kwamfutar tebur, mai inci 3.5, yana bukatar wuta bolt 12, don haka tilas a sayi wayar da ke da cajarta. Ina tsaye a bakin shagon sai na tuna, ashe a ƙasar su Kaka na zo sayen abin da zai fito da muryarta.

Da na komo gida na zare kwamfutar daga bango, na taɓa ƙarfen jikinta don in sauke wutar da jikin mutum kan tara, na kwance sukuru huɗu da sukudireba, na zare wayoyi biyu, rumbu ya fito. Na haɗa shi da kwamfutar cinya ta wani abokina. Muka yi jugum ni da Baba. Can sai muka ji ya fara juyi sumul, ba ƙas ba gurji. Baba ya ce, “Yaro, fara da tsohuwa.” Gaskiyarsa kuwa, domin rumbun da ya sha wuya ba a san sa'ar da zai tsaya ba, abin da ba shi da madadi shi a ke fara kwashewa, finafinai su jira. Na shiga inda Windows ke tara kayan mai kwamfuta, ya nemi izni na ba shi, ga su nan jere, ashirin da uku cif. Sai da na gama juye su sa'an nan na buɗe ɗaya. Da muryar ta fito, Baba ya tashi ya fita tsakar gida, ya daɗe bai shigo ba.

Ba duka ne suka zo da sauƙi ba. Jakar hotuna ta ƙi buɗuwa, ga alama ɗaukewar wutar ta ɓata lissafinta. Mu malamai ba za mu sha wuyar fahimtar wannan ba. Kwamfuta tana da rajista kamar ta aji. In sunan yaro ya goge daga rajista, yaron yana nan zaune a bencinsa har ran da aka kawo wani aka zaunar a wurin. Haka fayil ya ke. Akwai wata manhaja ta kyauta, PhotoRec, wadda wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya rubuta. Ita ba ta duba rajista, benci benci ta ke bi tana gane kowane yaro da kamanninsa. Sharaɗinta guda ne: abin da ta tsamo a zuba shi a wani rumbu dabam, kada a mayar inda a ke tono, in ba haka ba sabon zuwa ya zauna a kan wanda a ke nema. Hotunan sun dawo, amma ba sunaye, sai lambobi, wasu kaɗan kuma rabinsu toka-toka. Mako biyu Baba ya yi yana zaune da tabarau yana raɗa musu suna.

Sai dai in gargaɗi masu sababbin kwamfutoci, don nasu ya bambanta. Yawancinsu yanzu rumbun SSD ne da su, ba faifai ba allura, don haka ba ya ƙara kafin ya mutu, abin da aka goge a cikinsa kuma da wuya ya dawo. A wasu ma an like shi da dalma a jikin farantin, ba ya ciruwa. Har wa yau, da dama cikin masu Windows 11 su kan zo da makullin BitLocker a kunne. In ka cire irin wannan rumbu ka kai wata kwamfuta, sai ta tambaye ka mabuɗi mai lamba 48. Galibi yana ajiye a asusunka na Microsoft. Shawarata ita ce ka neme shi yau, tun kwamfutarka na da rai, ka rubuta a takarda ka sa cikin akwatin da ka ke ajiye takardun shaidarka.

Daga baya aka duba kwamfutar Baba, ashe akwatin wuta ne kaɗai ya ƙone, aka sake wani ta tashi. Muryar Kaka yanzu tana wuri uku: a Kubwa, da wurin baffana a Sabon Wuse, da kan intanet. Ni kuma na fara rubuta maganarta a takarda, da Gbagyi da Hausa, na kai zama na tara. Wayar nan mai baki biyu tana wurina a ɗakin kwanan ɗalibai maza. Wanda bukata ta same shi ya neme ni bayan darasin yamma, amma ya zo da filashi ko rumbun da za a juye masa, domin ni ba ni da na aro.