Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

A wannan wata ina so mu tattauna a kan zane: na gida, na ɗinki, na lalle, da duk aikin da ake tsarawa a kai kafin hannu ya taɓa shi. Mu mutanen ƙasar Yauri muna da babban darasi a kan wannan, kuma har yau yana nan tsaye a ƙauyukanmu.

A shekarar 1964 aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara, aka kammala a 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki, ya cinye gonaki da garuruwa, har da tsohuwar Bussa da tsibiran da Gungawa ke zaune suna noman albasa. Kimanin mutum 44,000 aka tayar, gwamnati ta gina musu sababbin ƙauyuka. Wani masanin zanen gini ɗan Ingila, Robin Atkinson, shi ya tsara gidajen: bangon bulon siminti, rufin asbestos mai lanƙwasa kamar an kife kwalekwale.

Ya yi ƙoƙarin bin fasalin gidajen da aka bari, kuma a takarda aikin ya yi kyau. Amma da aka tare sai koke ya taso. Ɗakin ƙasa mai jinka yana riƙe sanyi da rana, wannan kuwa zafi yake tarawa. Idan jinka ta lalace, ciyawa na nan a daji, amma idan asbestos ya tsage sai an nemo kuɗi. Gidan ƙasa yana girma tare da iyali, ɗa ya yi aure a ƙara masa ɗaki, shi kuwa bulo ya tsaya inda aka ajiye shi. Shi ya sa idan kin bi ƙauyukan gefen tafki a Ngaski da Shanga za ki ga ɗakunan ƙasa da rumbuna da mutane suka ƙara da hannunsu a jikin waɗancan gine-gine. Ilimi da kayan zamani ba su wadatar ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan labari nake ba ɗalibaina na Islamiyya, domin da yawansu suna koyon ɗinki da lalle bayan an tashi karatu. Yau waya ta zama littafin zanensu: yarinya ta buɗe Instagram ta ga riga, ta sauke ta a kan yadin mutane yadda ta gan ta. Ban hana su waya ba, ni'ima ce, tana nuna musu abin da iyayenmu ba su taɓa gani ba. Abin da nake ce musu shi ne, kafin almakashi ya taɓa yadi, ki tambayi mai shi: ina za ki sa? Kina shayarwa? Za ki iya ruku'u da sujada a ciki ba tare da jikinki ya bayyana ba? Matar da ke wuni a gaban wutar bandar kifi ba irin rigar da aka zana wa mai zama cikin sanyin ofis take bukata ba. Telar da ba ta tambaya, yadi ya lalace, amana ta zube, mai kaya kuma ba ta dawowa.

Ke ma, 'yar'uwa, idan maigida zai yi gini, kada ki ce ba ruwanki. Ke kika san inda hayaƙin madafi zai bi, da faɗin tsakar gidan da zai ishi yara da shanya, da inda idon baƙo daga zaure bai kamata ya kai ba. Ki tuna masa kada makewayi ya fuskanci alƙibla. Ki faɗa cikin ladabi tun ana zane, domin gyaran takarda ya fi rushe bango sauƙi. Maigida kuma ya tuna, Manzon Allah (SAW) ya karɓi shawarar Ummu Salama (RA) a Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, aka ga alherinta.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu da gidajenmu, amin.