Gurasa Ɗaya, Akushi Biyu

A ƙasar Kazaure, inda Kirista ba su taka kara sun karya ba wajen yawa, galibin maƙwabtanmu suna ɗaukar mu tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Duk wanda ya saɓa littafi ya nufi majami'a ranar Lahadi, ɗan coci ne, magana ta ƙare. Daga nesa haka abin yake. Amma akwai wani lokaci a cikin sujada da yake fito da ɓarakar da ke tsakaninmu, wato sa'ad da ake raba gurasa da ƙoƙo. Mu 'yan ECWA muna kiran wannan hidima Jibin Ubangiji, "jibi" a nan da ma'anarsa ta abinci. 'Yan Katolika sukan ce Tarayya Mai Tsarki. Tambayar da ta raba mu gajeriya ce: mene ne a tafin hannun mai karɓa? Jikin Almasihu ne da kansa, ko gurasa ce da take tuna mana da shi?

Asalin hidimar ba a jayayya a kansa. Linjilar Matiyu, da Markus, da Luka, da kuma wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, duk sun ba da labarin cin abinci na ƙarshe da Yesu ya yi da almajiransa a daren da aka bashe shi. Ya ɗauki gurasa, ya gutsuttsura, ya ce jikinsa ce. Ya ɗauki ƙoƙon ruwan inabi, ya danganta shi da jininsa. Luka da Bulus sun ƙara da cewa ya umarce su su riƙa yin haka domin tunawa da shi. To, ga magana biyu a baki ɗaya: ya ce jikinsa ce, ya kuma ce a yi don tunawa. Duk rigimar ta taso ne daga wacce za a sa a gaba, a fassara ɗayar da ita.

Bahaushe ba ya bukatar zuwa Turai kafin ya gane inda gizo ke saƙar, domin harshensa yana da 'yar kalmar da take ɗauke da nauyin duka: "ne" ko "ce". In na nuna maka fili na ce gonata ce, na faɗi abin da yake zahiri. In na ce wane zaki ne, ba wanda zai nemi jelarsa. In na ciro hoto daga aljihu na ce mahaifina ne, ka san takarda ce, amma ba za ka yarda a taka ta a gabana ba. Sannan akwai magana iri ta huɗu, wadda take aikata abin da ta faɗa. A wurin ɗaurin aure, waliyyi ya ce ya bayar, wakili ya ce ya karɓa. Ba abin da ya sauya a fuskar yarinyar ko a muryarta, amma daga wannan lokacin matar wani ce. Ɗan ECWA yana jin maganar Yesu kamar maganar hoto. Ɗan Katolika yana jin ta kusa da sigar aure, har ma ya zarce nan: a wurinsa ba matsayin gurasar kaɗai ya sauya ba, ainihinta ne ya sauya.

Mai karatu Musulmi da ya zauna gaban malamin tauhidi ya san irin wannan muhawara, ko da yake a kan wasu nassoshi daban: yaushe ake ɗaukar lafazi a kan haƙiƙa, yaushe ake ɗaukar sa a kan majazi, wa kuma yake da ikon yanke hukunci? Ya kuma san kalmomin jauhari da aradi. Da waɗannan kalmomi biyu, waɗanda asalinsu falsafar Aristotal ce, malaman Katolika suka bayyana matsayinsu. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya koyar cewa bayan addu'ar keɓewa jauharin gurasa yana komawa jikin Almasihu, amma aradinta, wato launi da ɗanɗano da nauyi, suna nan yadda suke. Shi ya sa cewa a kai gurasar ɗakin gwaji a auna ba ta taɓa zama amsa ga ɗan Katolika ba. Bai taɓa da'awar cewa na'ura za ta ga wani abu ba.

Saɓanin ya girmi Akwinas ƙwarai. A ƙarni na 9, a gidan sufaye ɗaya a Korbi ta ƙasar Faransa, malamai biyu, Radbertus da Ratramnus, kowa ya rubuta littafinsa: na farko ya ce jikin da ake karɓa shi ne wanda Maryamu ta haifa, na biyu ya ce karɓar ta ruhu ce. A ƙarni na 11 aka tilasta wa Berengar na birnin Tur ya janye ra'ayinsa a Rum, a 1059 da kuma 1079. A 1215 Majalisar Lateran ta Huɗu ta shigar da koyarwar sauyawar jauhari cikin bayanin bangaskiyarta, Majalisar Tarent kuma ta sake tabbatar da ita a 1551.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, waɗanda suka ɓalle daga Rum su ma ba su daidaita a tsakaninsu ba. A watan Oktoba na 1529, sarki Filibus na Hese ya tara Martin Luta da Zwingili a Marbog ta ƙasar Jamus, yana fatan haɗa kansu don su tsaya tare a gaban sarkin sarakuna. Aka tsara batutuwa 15, suka yarda da 14. A kan na ƙarshe aka tsaya cik. Luta ya rubuta kalmomin Yesu da alli a kan teburi, ya ce ba zai gusa daga zahirinsu ba: Almasihu yana nan da gaske tare da gurasar, ko da yake Luta bai karɓi bayanin jauhari da aradi ba. Zwingili ya ce Yesu ya kira kansa ƙofa da kurangar inabi ba wanda ya ɗauka a zahiri, jikinsa kuma yana sama tun da ya hau. Suka rabu ba su zama ikkilisiya ɗaya ba. Daga baya Kalbin, a Janeba, ya bi wata hanya ta tsakiya: mai bi yana cin Almasihu da gaske, amma ta wurin Ruhu Mai Tsarki da bangaskiya, ba da haƙori ba. Cocin Ingila ya ƙi koyarwar sauyawar jauhari a cikin ƙa'idodinsa 39, har ta kai a 1673 aka yi doka cewa ba wanda zai riƙe muƙamin gwamnati sai ya yi rantsuwar musanta ta. Da yawa daga magadan Luta da na Zwingili a Turai sun amince su ci a teburi ɗaya a hukumance a yarjejeniyar Loyenbag ta 1973, shekara 444 bayan Marbog.

Wannan tsohuwar gardama ta iso mana ne a dafe, ba mu ga yadda aka sa ta a tukunya ba. Mishan ɗin SIM, wanda ya faro a 1893, ya daɗe yana neman shiga masarautun Arewa gwamnatin Turawa tana hana shi, sai a shekarun 1930 ƙofa ta buɗe, musamman ta hanyar jinyar kutare a wurare irin su Yadakunya kusa da Kano da Babbar Ruga a Katsina. A wancan zamanin ne SIM ta kafa tasha a Roni, har da makarantar yara maza, ta kuma yi aiki a ƙauyukan Maguzawa. Daga wannan aiki ECWA ta fito a 1954. Masu bisharar SIM sun fito daga ikkilisiyoyi dabam-dabam na Kanada da Amurka da Birtaniya, amma a kan Jibin Ubangiji koyarwarsu ta fi kusa da ta Zwingili. Da a ce mishan ɗin Danmak da ya sauka Numan a 1913 ne ya fara isowa Roni, da yau ra'ayin Luta nake karewa. Ba na faɗin haka don in rage darajar abin da na yi imani da shi. Sanin cewa kakana bai zaɓa tsakanin Luta da Zwingili ba, abin da aka kawo masa ya karɓa, yana sa ni in sassauta murya in ina magana da wanda aka kai wa kakansa wani abu daban. Yau Jigawa tana ƙarƙashin Dayosis ɗin Katolika na Kano, Angilikan kuma suna da dayosis a Dutse, don haka Kirista daga Gwiwa ko Babura da ya fita aiki ko karatu ba zai daɗe ba sai ya gamu da sauran amsoshin.

Bambancin bai tsaya a littafi ba, ana ganin sa da ido. Wanda ya gaskata cewa Almasihu yana cikin gurasar dole ya ajiye ragowarta a wani akwati na musamman da fitila a gefensa, ya durƙusa in zai wuce ta gabansa, ya kame baki daga abinci sa'a ɗaya kafin ya karɓa, ya kuma furta babban zunubinsa ga Fada tukuna. A Nijeriya ma akan zagaya da ita gari a bikin Almasihu Sarki a watan Nuwamba, bayan damina ta ɗauke. Dokar Katolika ta ce gurasar sai ta alkama, abin sha kuma sai ruwan inabi na gaske, ko da a ƙasar da gero da dawa ne abinci. Mu kuwa, da yake a wurinmu alama ce, a majami'ar da na taso burodin kasuwa ake yankawa, a zuba jan abin sha marar sa maye a ƙananan kofuna. Wannan ma yana da tushe a nan gida: ga Bamagujen da ya tuba a hannun SIM, barin giya yana cikin manyan shaidun sabuwar rayuwarsa, ba zai yiwu a miƙa masa ita a majami'a ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne cikin iyali. Ƙanwata ta auri ɗan Katolika, ta bi mijinta. Ranar da 'yarta za ta fara karɓar Tarayya a wata majami'a a Kano, mahaifiyarmu ta taso tun daga ƙauye da tsarabarta. Da lokaci ya yi aka sanar cewa sai 'yan Katolika da suka shirya za su matso. Tsohuwar da ta fi shekara 40 tana cin Jibi ta zauna tana kallon jikarta a layi. A gida ta ce, "A ina aka taɓa gayyatar mutum biki a hana shi tuwo?" Ƙanwata ta durƙusa ta ce, "Inna, in kin karɓa za ki amsa da Amin, ma'anarsa kin yarda jikin Ubangiji ne da kansa. Kin yarda da haka?" Inna ta yi shiru, can ta ce ba haka aka koya mata ba. Ƙanwata ta ce, "To, ba na so ki faɗi abin da ba ya zuciyarki a gaban Allah saboda ni."

Na daɗe ina juya wannan magana. A al'adarmu hana baƙo abinci abin kunya ne, shi ya sa ƙofar Katolika a rufe take yi mana kama da raini. Amma mu ma muna da ƙofa: wanda bai yi baftisma ba, ko wanda yake ƙarƙashin horon ikkilisiya, dattawa ba sa miƙa masa faranti. Ashe ko mu da muke cewa tunawa ce ba mu ɗauke ta abin wasa ba. Haka kuma ba duk mai zama a bencin Katolika ne yake riƙe da koyarwar cocinsa ba: binciken cibiyar Pew na 2019 ya nuna kusan kashi 69 cikin 100 na Katolikan Amurka suna ɗaukar gurasar da ruwan inabin a matsayin alama. Iyakar da take a takarda ba lallai ta zama ita ce a zukata ba.

Ni dai ina nan a kan tunawa. Na gamsu cewa wanda ya yi yawancin koyarwarsa da misalai, da misali ya yi magana a daren nan. Amma na ƙi abu biyu da nake ji a bakin 'yan'uwa: ɗan ECWA ya ce Katolika suna bauta wa burodi, ko ɗan Katolika ya ce namu shan lemo ne kawai. Duka biyun ƙazafi ne. Mai durƙusawa ba burodi yake nufi da sujadarsa ba, mai tunawa kuma ba ƙishirwa ta kawo shi ba. A wurin da dukanmu 'yan tsiraru ne, kasuwarmu ɗaya, maƙabartarmu sau da yawa ɗaya, 'ya'yanmu kuma suna auren juna, ba mu da sararin raina juna a kan abin da malamai suka shafe fiye da shekara 1,000 ba su warware ba.

A batu na 15 na takardar Marbog, bayan ɓangarorin biyu sun rubuta a fili cewa ba su daidaita ba, sun ƙara da cewa kowane zai nuna wa ɗaya ƙauna gwargwadon yadda lamirinsa ya yarje masa, su kuma roƙi Allah ya tabbatar da su a kan fahimta ta gaskiya. Ba su ɓoye saɓanin ba, ba su kuma ce ya ƙare ba. Su kansu ba su cika wannan alkawari yadda ya kamata ba, amma sharaɗin yana nan, yana kuma cikin ikonmu: mu bayyana ra'ayin ɗan'uwa yadda shi da kansa zai ce lalle haka yake nufi, kafin mu ce ba mu yarda ba.