Keke Da Jarrabawar Turancin Baka

Ina so in yi 'yar magana a kan keke, watau yadda mutum zai ba da labarinsa da Turanci a gaban mai jarrabawa.

Dalili kuwa, a zangon nan malaminmu na Turanci ya ce kowane ɗan ajinmu zai zauna gabansa minti biyar ya amsa tambayoyi da baki, uku da suka fi ƙoƙari su za su wakilci makaranta a gasar muhawara a Sakkwato. Ya bayyana mana cewa takarda ta uku ta Turanci a jarrabawar WAEC sunanta ta baka, amma da fensir ake yin ta, tambaya 60 cikin minti 45, har mutum ya ci bai buɗe bakinsa ba. Ita kuwa IELTS, wadda ake nema ga mai son karatu a Ingila ko Kanada, sai an zauna ido da ido da mai jarrabawa minti 11 zuwa 14, kuma da abubuwan yau da kullum ake fara tambaya. Malam ya rubuta batutuwa a 'yan takardu, muka ɗauki ƙuri'a. Ni keke ya faɗo mini.

'Yan ɗakin kwananmu suka yi ta dariya, wai ɗan Kebbe ya sami nasa. Ni ko a jikina, don keken gidanmu ya girme ni nesa. Raleigh ne baƙi, wanda mahaifina ya gada wurin wansa. Asalin kamfanin daga Nottingham ta Ingila yake, har masana'anta ya taɓa yi a Kano. Maƙwabtanmu kuwa Phoenix na ƙasar Sin suke hawa, kullum ana gardamar wanda ya fi ɗaukar buhun gero.

Da aka ba mu hutun tsakiyar zango na tafi gida, sai na ɗauki littafi na zauna wurin wani dattijo mai gyaran keke a bakin kasuwa. Duk abin da ya taɓa in tambayi sunansa in rubuta. Birki, taya, feda, kariya, bawul, faci, famfo. Da dare na buɗe ƙamus, sai na ga ashe duk Turanci ne aka sa wa rigar Hausa. Waɗanda ba na Turanci ba kaɗan ne, irin su sirdi da sarƙa da ƙararrawa. Da na gaya wa dattijon washegari, ya ajiye sifana ya ce, "Kai yaro, ashe Turanci nika yi shekara talatin ban sani ba!" Na ce, "Wallahi kuwa, Baba." Har wani tsohon suna ya tuna mini, wai iyayensu basukur suke cewa.

To, a nan wahalar take. Kalmar da ka saba da ita a Hausa ta fi baƙuwa wuyar gyara, don harshe ya riga ya yi mata hanya. Bahaushe ba ya haɗa baƙaƙe biyu a farkon kalma, sai ya cusa wasali tsakani, shi ya sa brake ya zama birki. Harafin v ba mu da shi, valve ya koma bawul. Babban abokin gaba kuwa shi ne p. Da pedal da pump da patch duk f muka mayar da shi, mu Sakkwatawa ma f ɗin bai zauna mana ba, tun da hwara da hwaɗa muke cewa. Dabarar da malam ya koya mana ita ce mutum ya riƙe 'yar takarda gaban bakinsa, ya rufe leɓe gam sa'an nan ya saki iska. In takarda ta yi tsalle, p ya fita. Ni da abokina mutumin Dogon Daji haka muke yi kowane dare bayan karatun dare, har wani ɗan aji ɗaya ya tambaye mu ko tofi muke yi.

Akwai kuma tarkon fassara. Mu da mota da keke duk tuƙawa muke yi, amma Bature ride yake cewa ga keke da doki, drive na mota ne. Wanda ya fassara "na hau keke" kai tsaye da climb kuwa, sai a ɗauka kekensa itace ne. Har ila yau keke namiji ne a Hausa, saboda haka he ke rigan it fitowa daga baki in ba a kula ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ginin amsa. In an ce, "Kana da keke?" ka ce i ka yi shiru, ka bar mai jarrabawa ba abin da zai auna. Malam ya ce amsa kamar murhu take, duwatsu uku: ka amsa, ka kawo dalili, ka ba da misali. Alal misali, in an tambaye ni yadda na koya, zan ce ina ɗan shekara tara na koya, da keken haya don na gida ba a ba yaro, kuma ƙafata ba ta kai feda daga kan sirdi, sai in zura ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya in tafi a karkace. Jimla uku ke nan, kuma duk cikin lokacin da ya wuce ake faɗinsu.

Wani ɗan ajinmu, ba zan faɗi sunansa ba, ya haddace wani dogon bayani da ya samo a wayar yayansa, mai maganar hanyoyin keke na musamman da yawon shan iska a lambu. Ya zuba shi tsaf a gwaji. Malam ya tambaye shi me ke yawan fasa taya a garinsu, sai ya yi tsit. Alhali yaron nan ya san ƙayar aduwa kamar yunwar cikinsa. A ganina wanda zai yi maganar yashin da ke kama taya a hanyar Kuchi, da jarkokin ruwa huɗu a kariya, da yadda ake tsoma tib cikin ruwa a nemi inda yake kumfa, ba a iya ƙure shi ko ta ina aka juya tambaya.

Tambayar da na fi shirya wa ita ce dalilin da ya sa keke ya ragu. Babura masu araha sun shigo, 'yan kabu-kabu sun cika tasha, har samari suna jin kunyar a gan su bisa keke. Amma da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, waɗansu sun koma sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu.

Kafin in komo makaranta mahaifina ya sa na karanta masa amsoshin nan, ina fassara masa ɗaya bayan ɗaya. Ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce na bar babban abu: a kariyar keken nan ya goyo ungozoma cikin dare ranar da aka haife ni. Na duba ƙamus ban sami kalma guda da ta yi daidai da goyo ba, sai da na haɗa jimla biyu, kuma su nake maimaita wa abokina yanzu kafin ranar Alhamis da za a kira lambata.