Dabaga: Darasin Dankali Ga Asusunmu

Wadda ba ta san Abzin ba, da ta ji an ce Agadas sai ta ɗauka rairayi ne da duwatsu kawai. To idan kika bar Agadas kika nufi arewa maso gabas, tafiyar kamar kilomita 45 a gefen koramar Telwa, sai ki ga wuri kore shar: dabino, albasa, tafarnuwa, tumatir da dankalin turawa. Nan ne Dabaga, kuma can ziyararmu ta kai mu.

Telwa ba ta gudu sai da damina. Ruwan ya sauko daga duwatsu, ya nutse cikin yashi, shi ne rijiyoyin garake ke sha har rani. Da can raƙumi ko sa ke jan guga, yau injin ban ruwa ya yawaita. Amma Telwa mai bayarwa ce, mai karɓewa: a Satumba 2009 ta cika ta batse, ta rushe gidaje a Agadas, ta share garake. Shi ya sa manomin nan ba ya zuba dukiyarsa duka a shuka ɗaya.

Ga abin da muka ɗauko don ƴar garkarmu ta bayan ɗaki. Dankali ɗan sanyi ne, sai a shuka shi da shigowar ɗari, wajen Nuwamba. Kada a binne iri sai ya yi tsiro. Ƙarami a sa shi ɗungurungum. Babba a yanka shi, kowane yanki da ido biyu, a shafa toka, a bari ya sha iska. Ƙasa mai laushi yake so, da takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai. Tsakanin rami da rami taƙi ɗaya da rabi. Kar a sa shi inda aka tashi tumatir, don danginsu ɗaya, cutarsu ɗaya. In ganye ya tasa sai a tara masa ƙasa a gindi, saboda wanda rana ta taɓa kore yake yi, kuma koren nan guba ne, ba a ba yara. Bayan wata 3 zuwa 4 ganye zai yi ɗorawa. A tsai da ruwa kamar kwana 10 kafin a tona, ɓawo ya yi ƙwari.

Inda zancen ya shafe mu shi ne kuɗi. Iri da tsada, kuma dankali ba ya maido ko dala kafin ya nuna. Wadda ta ci bashin asusu na wata ɗaya ta sayi iri, ranar biya za ta zo ta tarar da kuɗinta a ƙarƙashin ƙasa. Sannan kowa ya tona lokaci guda, farashi ya faɗi, ga zafi yana ruɓar da wanda aka ajiye.

Don haka a zamanmu na gaba mu tattauna abu uku: bashin noma ya kai wata 4, mu haɗa kuɗi mu sayi buhun iri ɗaya mu raba, kowacce ta fara da fangali biyu, na tukunya kafin na kasuwa. Da sannu ake zama gwani. Allah ya sa albarka.