Laboratuwar tamu tana bayan gari

Shekara huɗu na yi a kolej, daga sizyem har na ɗauki burbe, ban taɓa riƙe kayan gwaji a hannuna ba. Mushe ya zana kwalba a allo, mu zana a kaye. Ya rubuta "on observe que", wato ana ganin cewa, mu ma mu kwafa, alhali ba wanda ya ga komai. Ban ga laifin malaman ba. Mutum ɗaya da aji cike maƙil, wani ajin ma na zana ne, ga tsarin karatu da sai an ƙare shi kafin jarrabawa. Amma ƙannenmu suna tafe bisa wannan turba, suna hardar kimiyya kamar waƙa da harshen da ba su gama ji ba, kuma da yawansu sun riga sun yanke cewa fizik ba ta ƴaƴan manoma ba ce.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ƙasar Adar cike take da kimiyyar da aka yi da hannu. Layukan bedi na kwarin Majiya, da aka fara dasawa a 1975 tare da ƙungiyar CARE, darasi ne kan iska. Can Keita kuma, tun 1984, da kuɗin Italiya da taimakon FAO, aka jera duwatsu, aka haƙa ramuka a jikin tsaunuka, aka datse koramu don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka mata ne, don maza sun tafi cin rani. Jikokinsu ne yau suke zaune a aji ana gaya musu babu laboratuwar.

A hutun da ya wuce na tara yaran unguwarmu a Tama, ƴan sizyem da sankiyem. Kayan aikinmu: tiyo mai garai-garai da ake ganin ruwa a cikinsa, sanda biyu masu tsawo ɗaya, igiya da bik. Muka yi wa sandunan zane daidai wa daida, muka ɗaure bakin tiyo ɗaya a kowace sanda, muka ɗura ruwa, muka fita fako. Yaro ɗaya ya kafa sandarsa, ɗayan yana ta matsawa, sama kaɗan, ƙasa kaɗan, har ruwa ya tsaya kan zane ɗaya a sandunan biyu. Nan ne ƙasar ta yi tsayi ɗaya, sai a aza dutse. Kafin hantsi ya dubi ludayi mun fitar da layi, kuma layin bai miƙe ba, lanƙwasa ya dinga yi kamar sawun maciji. Gardama ta kaure. Wasu suka ce tiyon ƙarya yake yi, wasu suka ce iska ta shiga ciki (kuma ta shiga ɗin, sai da muka zubar muka sake ɗurawa). Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ce, "To yaya, ashe idonmu ne ke ganin fili shimfiɗe, ruwa bai yarda ba." Wannan ita ce dokar da ke cikin littafinsu, cewa ruwan da ke haɗe yana kwanciya a tsayi ɗaya, kuma da ita ake auna inda za a jera duwatsu don rage wa ruwan sama gudu. Wallahi gardamar nan ta fi mini daɗi bisa ga amsar.

Washegari muka yanke gorunan roba biyu ta tsawo, muka cika su da ƙasa, ɗaya tsirara, ɗaya an rufe ta da karan hatsi. Muka kishingiɗa su, muka zuba ruwa kofi ɗaya ɗaya. Na farko ya fito ja wur da sauri, na biyu ya ɗiɗɗigo a hankali. Ba sai na ce zaizayar ƙasa ba.

Akwai kuma duwatsun tudu masu siffar kwanson kodi, da yara ke tsinta wurin kiwo. Teku ce ta taɓa kwanciya a nan, shekaru miliyoyi da suka shuɗe. A daka ɗan farin dutsen, a ɗiga masa lemun tsami, sai ya yi kumfa. Irinsa ake ƙonawa a Malbaza a yi siminti.

Wani malami da na ba labari ya ce mini, duk wannan ba ya fitowa a jarrabawa. Da gaskiyarsa, sai dai yaron da ya ga ruwa ya tsaya a tiyo ba ya mance zanen in ya gan shi a takarda. Abdu Mumuni, ɗan Tasawa da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin fizik ne da ya sa hasken ranar ƙasar nan ya zama abin bincikensa, kuma tun 1964 ya rubuta littafi kan ilimin Afirka yana neman karatu ya haɗu da rayuwar mutane da harsunansu.

Ni roƙona gare ku ne, mu ƴan lise da jami'a da ke komawa gida hutu. Malami ba shi da lokaci, mu muna da wata uku. Tiyon nan yana hannun yarinyar da na faɗa, babanta ya ce ta auna masa gonar tudu kafin ruwa ya sauka.