Damagaram, garin wasan kara

Wanda ya taso daga Maradi ya nufi gabas bisa kwalta, zai wuce Cadawa, da Age, da Gazawa, da Tasawa, da Takeita. In ya ci kilomita sama da 200, sai ya hango manyan duwatsu, wani bisa wani, kamar da hannu aka aza su. To, ya iso Zinder ke nan, wadda jama'a suka fi kira Damagaram.

Garin unguwa-unguwa ne. Akwai Birni, inda fadar Sarkin Damagaram take, da ƙananan lunguna, da gidajen ƙasa masu zane a bango. Akwai Zango, inda ayarin raƙuma ke sauka a zamanin da. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa, har ya sa maƙera suka ƙera masa igwa. Nasara sun ci garin a 1899. Daga 1911 zuwa 1926 nan ne babban birnin Nijar, kafin a maida shi Yamai.

Baƙo ya kan zo ganin fada, ko cin kasuwar Dole, ko sayen kayan dukawa. Amma akwai wani abin da Damagaram ta yi suna da shi, wanda ba a kasa shi a kasuwa. Shi ne wasan kwaikwayo.

Daga gona abin ya fito

In kaka ta yi, an yanke hatsi, an ɗaure, an kai rumbu, sai gona ta rage daga kara sai kara. Ciki ya cika, aiki ya yi sauƙi. A lokacin ne samari suka saba shirya wasan kara. Wani ya sami kara mai kauri, ya lanƙwasa kansa, ya ɗaura masa igiya, ya yi doki. Wani ya fere ɓawon kara, ya soka a totuwa, ya yi tabarau, ko agogo, ko bindiga. Ba a kashe ko dala.

Daga nan sai a raba sarauta. Wannan sarki, wannan galadima, wannan alƙali, wannan sarkin dogarai. Da Nasara suka zo, aka ƙara da kumandan, da tafinta, da gardi. Bayan samun mulkin kai a 1960, sai ga furefe, ga minista, ga jandarma, har shugaban ƙasa.

Aikin ba na yini guda ba ne. Wanda zai zama alƙali sai ya yi kwanaki yana lura da alƙali na gaske. Yadda yake gyara rawani. Yadda yake yin gyaran murya kafin ya yi magana. Yadda yake duban mai ƙara in talaka ne, da yadda yake dubansa in mai dukiya ne. Wani lokaci ma babban mutumin da kansa ke ba da aron rigarsa. Ranar wasa yana zaune cikin rumfa, ga wani shi yana wucewa a fili, da tafiyarsa, da ɗaga hannunsa. Jama'a su fashe da dariya. Shi ma dole ya yi dariya, don ba a fushi da wasan kara. Wanda ya ɓata rai, ya nuna wa kowa an taɓa inda ke yi masa ciwo.

Talaka ba ya iya tsayawa ƙofar fada, ko ƙofar biro, ya ce wa babba: "Ranka ya daɗe, kana da saurin fushi." Amma ɗansa, da tabaran kara a fuska, ya kan nuna masa haka gaban jama'a, kuma a ba shi tukuici. A 1980 wani ɗan Damagaram mai shirya silima, Inusa Usaini, ya ɗauki wannan wasa a fim, ya sa masa suna Wasan Kara.

Duk abin da wasan kwaikwayo ke bukata yana cikin wasan kara. Ga mutum da ya aje sunansa ya ɗauki na wani. Ga fili da aka share. Ga ƴan kallo, waɗanda suka san ƙarya ce, amma suka yarda su riƙe ta kamar gaskiya har a tashi. In babu ƴan kallo, babu wasa, ko da an yi ado na ƙin ƙarawa. Bambancinsa da gatana kuwa a fili yake. Tsohuwa mai gatana cewa take yi Gizo ya yi kaza, Ƙoƙi ta ce kaza. Shi mai wasa ba ya ba da labarin Gizo. Shi ne Gizon, a gaban idon kowa.

Wasan kara yana da ƴan uwa a ƙasar Hausa. Da azumi yara na yin tashe da dare, gida-gida, wani ya manna auduga a haɓa ya zama tsoho. Ƴan kama na kwaikwayon malami mai wa'azi, amma duk wa'azin nasu na tuwo ne da nama. Su ma ba a fushi da su.

Yadda teyatur ya shigo

A Damagaram za a ji ana cewa teyatur. Kalmar daga Faransanci take, Faransa kuwa daga mutanen Girka suka samo ta. Ma'anarta wurin kallo. Wajen shekara 2500 da suka wuce, mutanen birnin Atina, a ƙasar Girka, suna yin biki kowace shekara don wani abin bautarsu. A cikin bikin ana gasar wasanni. Dubban mutane su zauna a jikin tudu, masu wasa suna ƙasa, sun rufe fuska da abin rufe fuska, kuma dukansu maza ne, har masu fitowa a matsayin mata. Daga can ne wasan Turawa ya samo tushe.

Ta lekol ya iso Nijar. A shekarun 1930, ɗaliban makarantar Wiliyam Fonti, a Senegal, suna shirya wasanni da Faransanci bisa labarun ƙasashensu. Ƴan Nijar da suka yi karatu can sun komo gida sun zama mushe, sun koya wa yaran lekol. Sai aka san dakali, da labule, da raba wasa fita-fita. Illa dai da Faransanci ake yi, manomi kuwa ba ya ji. Abin bai kama ƙasa ba sai da aka koma yi da Hausa.

Wasu sun ci gaba da rubutawa da Faransanci, amma labarin na gida ne. Andire Salifu, malamin tarihi, haifaffen Zinder, ya rubuta wasa a kan Sarki Tanimun, an buga shi littafi a 1973. Ya rubuta wani a kan abin da ya faru a 1906, lokacin da Nasara suka tuhumi Sarki Amadu ɗan Basa da shirya musu tawaye, suka tuɓe shi, suka kai shi Kodebuwa. Mahaman Bakabe ya maida wannan labari fim a 1982.

Zamanin samariya

Bayan da Saini Kunce ya hau mulki a 1974, gwamnati ta farfaɗo da samariya a unguwanni da ƙauyuka. A 1976 aka fara babban bikin samarin ƙasa, kuma a Zinder aka yi na farko. Daga nan ya riƙa zagayawa jaha-jaha. Ana gasar waƙa, da rawa, da teyatur. Kafin ƙungiya ta kai babban bikin, sai ta ka da na kusa da ita tukuna. Shi ya sa ko ƙaramin gari ya kan tashi tsaye da shiri.

Ƙungiyar gidan rediyon Zinder ta yi fice ƙwarai. Yazi Dogo, wanda asalinsa mushe ne, yana cikin manyanta. Da aka buɗe telebijin ta ƙasa a 1979, fuskokinsu suka shiga ko'ina. A ƙauyen da ke da telebijin guda, mai aiki da hasken rana, daren wasan Hausa tabarma ba ta isa.

Yadda suke shirya wasa abin lura ne, don ya fi kama da wasan kara bisa ga na lekol. Galibi ba a rubuta maganar kowa a takarda. Ƙungiya ta zauna, wani ya kawo matsala: saurayi ya tafi cin rani ya bar tsofaffi da gona, ko uba ya ba da ɗiyarsa ga wanda ba ta so, ko malamin tsibbu ya cinye dukiyar mace, ko ƴan uwa suna rigimar gado, ko an kashe abincin shekara wajen buki guda. A yi gardama, a tsara abin da zai faru daga farko har ƙarshe. A ba kowa mutumin da zai zama. Sannan a riƙa gwadawa dare bayan dare, kowa na zuba magana daga bakinsa, da karin magana, da habaici. Wadda ta yi daɗi a riƙe ta, wadda ba ta yi ba a yar. Don haka wanda bai taɓa zuwa lekol ba ya kan fi mai takarda iya wasa. Masu yin abin kuwa tela ne, da mushe, da ɗan kasuwa, da direba. Da rana kowa na wurin sana'arsa.

Mata sun sha wuya kafin su shiga. Iyaye da yawa ba su son ɗiyarsu ta tsaya gaban maza ta zama matar wani, ko da wasa ne. Waɗanda suka daure suka shiga, su ne suka sa wasan auren dole ya sa mutane hawaye.

Akwai iyaka kuma, ba a ɓoye ta. Gwamnati ce ke shirya bikin, ita ke ba da kyauta, kuma tana son a yi maganar aikin gina ƙasa. Ana taɓa ƙaramin ma'aikaci mai karɓar toshiyar baki, ana taɓa alhaji mai ɓoye hatsi sai ya yi tsada. Can sama kuwa sai da lura. A nan wasan kara ya ɗan fi teyatur sakewa, tun da shi ba ya zargin kowa da baki. Tafiyar mutum kawai yake nunawa.

Bayan babban taron ƙasa na 1991, samariya ta yi sanyi. Finafinan Kano suka cika gari, daga baya salula ta shiga aljihun kowa. Karan ma ya yi daraja. Manomi na tattara shi don dabbobi, da darni, da wuta, makiyayi kuwa da kuɗi yake sayensa in rani ya tsananta. Wanda ya san haka ba ya barin yara su kwashe masa dami don yin doki. Babban wasan kara, mai jerin sarakuna da ministoci, sai an yi wani buki ko manyan baƙi ake ganinsa.

Yara dai ba su bari ba. Bayan kaka, a lungunan Birni, baƙo ya kan gamu da yaro bisa dokin kara, ya naɗa tsumma a ka, ya sha mur. Wani ƙarami na gabansa da sanda, yana korar awaki daga hanya, don sarki na tafe.